Ranar Farko a Ɗakin Lakca: Yadda Za Ka Zaunar da Ɗalibai da Abin da Za Ka Yi da Su

Akwai wata al'ada da ta zama jiki a manyan makarantunmu, daga kwalejojin ilimi har jami'o'i. Ranar farko ta zangon karatu malami zai leƙo aji, ya faɗi sunansa, ya rubuta lambar kwas a allo, ya ce wa shugaban aji ya same shi a ofis, sannan ya ce, "Sai mako mai zuwa za mu fara gadan-gadan." Kafin minti 15 an watse. Ni ma na daɗe ina yin haka, domin abin da na taras ana yi ke nan.

Abin da ya sa na bari, wata ɗaliba ce 'yar shekarar farko a NCE. A mako na tara, bayan an raba sakamakon gwaji, ta same ni a ofis. Ta tsaya bakin ƙofa riƙe da takardarta, ta ce, "Malam, wallahi tun da aka fara ban taɓa jin abin da kake faɗa sosai ba." Na tambaye ta inda take zama. Benci na ƙarshe, jikin tagar da ke kallon ɗakin janareta. Ranar farko layin rajista ya riƙe ta, ta zo ta taras nan ne kawai ya rage, ta zauna. Daga ranar wurin ya zama nata, domin ɗalibi inda ya zauna ranar farko nan yake komawa, ko da ba wanda ya ce ya koma. Mako takwas tana kwafa daga littafin ta kusa da ita, wadda ita ma rabi take ji. Ni kuwa a duk tsawon makonnin nan ƙafata ba ta taɓa wuce benci na uku ba.

Abin da ke biye shi ne yadda nake yi yanzu, daki-daki. Na rubuta shi ne da sabon malami a raina, ko sabuwar malama, wanda aka miƙa wa kwas aka ce ga aji can.

Kafin ranar: je ka zauna a bencin ƙarshe

Da zarar jadawali ya fito ka ga ɗakin da aka ba ka, ka je can kwana ɗaya ko biyu kafin a fara, kuma a daidai lokacin da aka sa maka lakca. Ɗakin da ke da daɗin zama da ƙarfe 8 na safe ba shi ba ne da ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu. Ka tafi da alli ko alƙalamin farin allo, ka rubuta jimla ɗaya da girman rubutun da ka saba, sannan ka taka har bencin ƙarshe ka zauna. In bai karantu ba, ka koma ka ƙara masa girma har sai ya karantu, ka riƙe wannan girman. Ka duba kusurwoyi biyu na gaba, inda hasken taga kan daki allo ya ɓoye rubutu. Ka duba ko akwai ginshiƙin da ke tare wasu. Ka roƙi wani abokin aiki ya tsaya gaba ya yi magana yadda ya saba, ka ji iyakar inda muryar take kaiwa, fanka na juyawa da kuma a kashe.

Sai ƙidaya. Ka ƙirga wuraren zama masu lafiya, ban da karyayyu, ka kwatanta da yawan waɗanda aka ce sun yi rajistar kwas ɗin. In ɗalibai 260 ne, wurin zama 150, gara ka sani yau da ka sani gobe suna tsaye a taga. Yau kana da damar zuwa wurin shugaban sashe ka nemi musayar ɗaki, ko ka raba ajin gida biyu. In muryarka ba ta kai baya, ka nemi ƙaramar lasifika mai caji irin wadda ake ratayawa a ƙugu. Kada ka dogara da ta jikin ɗaki, don ranar da aka ɗauke wuta ta zama ado.

Ka kuma kalli lokacin. Lakcar da ta haɗa da Azahar ko La'asar, ko ta ranar Juma'a dab da lokacin masallaci, tana bukatar a yi mata tsari tun farko: ko a tsaya minti 15 a yi salla a dawo, ko a tashi da wuri. In ba ka faɗa ba, rabin aji zai riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da wurin zama yake yi wa ɗalibi

Wani zai ce ai mai son karatu ko a ina ya zauna zai yi. An bincika wannan. A 1970 wasu masana biyu, Raymond Adams da Bruce Biddle, sun fitar da sakamakon nazarin azuzuwan da aka ɗauka a bidiyo a Amurka. Sun ga cewa mafi yawan maganar da ke gudana tsakanin malami da ɗalibai da 'yan sahun gaba ake yin ta da waɗanda ke layin tsakiya. Na gefe da na baya kusan 'yan kallo ne.

Sai a ce to ai masu ƙwazo ne ke rigegeniyar gaba. Amma a 2005 Katherine Perkins da Carl Wieman na Jami'ar Kolorado sun ba da rahoton wani babban ajin fiziks inda aka raba wa ɗalibai kujeru da ƙuri'a, ba wanda ya zaɓi wurinsa. Waɗanda ƙuri'a ta kai baya sun fi fashin aji, kuma sakamakonsu ya fi rauni. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, an yi musu musaya a tsakiyar zango, na baya suka dawo gaba, amma tasirin zaman farkon bai sake su ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa nake cewa maganar zama ta makon farko ce.

Zaɓen tsarin zama

Ɗakin da ka samu shi zai faɗa maka abin da za ka iya. Galibi iri uku muke da su.

Na farko, babban ɗakin lakca mai hawa-hawa, irin waɗanda TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta gina a makarantu da yawa, kujeru a kafe da ƙusa. A nan ba ka iya motsa kujera, mutane za ka motsa. In ɗakin ya fi ƙarfin ajin, ka hana zama a layukan baya gaba ɗaya. Ka tsaya bakin ƙofa kana cewa, "Bismillah, a cike gaba tukuna." In da sarari, ka bar kowane layi na uku ba kowa. Wannan layin da ka bari hanyarka ce: ta nan za ka bi ka isa wurin kowane ɗalibi, ka leƙa littafinsa, ka ji abin da yake faɗa wa na kusa da shi. In kuwa ajin ne ya fi ƙarfin ɗakin, sai karɓa-karɓa. Ka raba layuka kashi uku, gaba da tsakiya da baya, duk bayan mako biyu na gaba su koma baya, kowa ya matso. Za a yi ƙorafi, musamman daga waɗanda ke zuwa tun da sassafe su ajiye littafi a kama wuri. Ka yi musu bayanin dalili, ka tsaya a kai.

Na biyu, aji mai dogayen bencina haɗe da tebur, wanda shi ne mafi yawa. Dabarar da ta fi yi mini aiki a nan mai sauƙi ce: 'yan benci na ɗaya su juyo su fuskanci 'yan na biyu, na uku su fuskanci na huɗu, haka har baya. Cikin daƙiƙa 30 ka sami rukunoni na mutum huɗu zuwa shida ba tare da an ja benci ko ɗaya ba. Ka koya musu wannan juyin tun ranar farko, a yi shi sau biyu, daga nan da ka ce "a juya" sun san abin yi.

Na uku, ƙaramin aji mai kujerun roba ko na katako da ake iya ɗagawa. In ɗalibai ba su wuce 30 ba, ka jera su kamar kofaton doki, buɗaɗɗen gefen yana kallon allo. Kowa na ganin fuskar kowa, ba wanda ke da bayan da zai ɓuya. Wannan zama ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san shi: malam a kan buzunsa, ɗalibai sun kewaye shi, mai karatu yana jan baƙi malam yana fassarawa, saura suna bi da kunne har layi ya zo kansu. Wanda ke sauraren karatun wani yakan ƙaru kafin a zo nasa. A Amurka ma, tun farkon shekarun 1930 makarantar Phillips Exeter ta koma koyarwa a kewaye da wani dogon tebur mai zagaye, ɗalibai wajen 12 da malaminsu, da kuɗin da attajiri Edward Harkness ya bayar. Sai dai kofaton doki yana da tasa illar: waɗanda ke dab da hannun damanka da na hagunka su ne idonka yake tsallakewa. Ka riƙa ja da baya kana waiwayarsu.

Akwai maganar da ba a cika yi ba, ita ce zaman maza da mata. A yawancin azuzuwanmu na Arewa ɗalibai da kansu suke rabuwa, kuma ban ga dalilin da zai sa malami ya tilasta cakuɗawa ba. Abin da zan sa wa ido shi ne yadda rabuwar take. In maza sun cike gaba mata suna baya, ko akasin haka, to ɓangare guda ya yi asarar ajin. Ka raba dama da hagu, kowane ɓangare yana da nasa sahun gaba. Kuma ka lura da kanka, don malami yakan karkata gefe ɗaya yana magana bai sani ba.

Kafin kowa ya zauna, ka keɓe wurare kaɗan a gaba da kusa da ƙofa. Mai raunin gani ko ji gaba zai zauna, inda zai ga bakinka. Mai keken guragu ko sanda yana bukatar hanya a buɗe. Mai juna biyu da mai goyo kusa da ƙofa ya fi musu, in yaro ya yi kuka ta fita ta dawo ba tare da ta ratsa mutane ba. Kada ka ce, "Wa ke da matsalar ido ya ɗaga hannu." Da yawa ba za su ɗaga ba. Ka ce wuraren nan na duk mai bukata ne, kuma wanda yake so ya same ka bayan an tashi.

Awa biyun lakcar farko

Ka riga su zuwa da minti 10. Ka rubuta sunanka, sunan kwas, da ranaku da lokutan da ake samunka a ofis. A ƙasa ka rubuta tambaya ɗaya daga cikin kwas ɗin, wadda za mu dawo kanta. Sannan ka tsaya bakin ƙofa kana amsa sallama kana nuna wurin zama. A ajin ɗaliban wucin gadi ko na lokacin hutu za ka ga malaman firamare da suka haife ka. "Baba, ga wuri nan gaba," ko "Hajiya, bismillah nan," tana gyara zaman aji fiye da dogon jawabi.

Ka gabatar da kanka a taƙaice, minti uku ya isa. Jerin digirorinka ba shi suke bukata ba. Ka gaya musu abin da ya sa kwas ɗin yake da muhimmanci a wurinka, da abin da za su iya yi a ƙarshen zango wanda yau ba su iya ba.

Daga nan sai 'yar takarda. Kowa ya yagi rabin shafi ya rubuta sunansa da lambar rajista, sunan da yake so a kira shi da shi, garinsu, harshen da ya fi sakewa da shi, ko wayarsa tana hawa WhatsApp, da abu ɗaya da yake tsoro game da wannan kwas. Tambayar waya ba ta wasa ba ce. In ka ce duk sanarwa ta zauren WhatsApp za a riƙa yi, alhali wasu ƙaramar waya gare su ko ba su da kuɗin data, ka yanke su ba ka sani ba. Tambayar tsoro kuwa ita ce mai tsoka. Za ka karanta "Turancina ba shi da ƙarfi," za ka karanta "na faɗi wannan kwas bara," za ka karanta "daga ƙauye nake zuwa kullum, mota takan makarar da ni." Waɗannan takardu su za su gaya maka ajin da ke gabanka.

Gabatar da kai ɗaya bayan ɗaya a ajin mutum 200 ɓata lokaci ne, kafin a kai na 20 kowa ya daina saurare. Maimakon haka kowa ya juya ga na kusa da shi, wanda bai sani ba in zai yiwu, su yi minti biyu suna tambayar juna. Sai ka zaɓi mutum takwas ko goma su gabatar da abokan zamansu. Ka fara daga bencin ƙarshe, kuma ka taka ka je can ka tsaya. Gabatar da wani ya fi gabatar da kai sauƙi ga mai kunya. Kuma duk ajin ya gani da idonsa cewa malamin nan yana zuwa baya.

Yanzu sai tambayar da ke allo. Nan ne zuciyar ranar, ka ba ta aƙalla minti 30. A kwas ɗin tarihin ilimi a Nijeriya, tambayar da nake rubutawa ita ce: "Kafin zuwan boko, ta yaya yaro a garinku yake koyon karatu da sana'a?" Ba wanda ba shi da abin faɗa a kai. Kowa ya yi minti biyu shiru yana rubuta amsarsa. Sannan minti uku ya tattauna da na kusa. Sannan a ji daga rukunoni. Wannan tsari na tunani, sai tattaunawar mutum biyu, sai faɗa wa aji, Frank Lyman na Jami'ar Maryland ne ya fito da shi a 1981, kuma ban san dabarar da ta fi ta dacewa da cunkoson ajinmu ba, don ba ta bukatar wuta ko majigi. Nakan bari su tattauna da Hausa ko duk harshen da su biyun suke ji, amma a ba da rahoto da Turanci, tunda da shi za a rubuta jarrabawa, kuma akwai waɗanda ba sa jin Hausa a ajin. Amsoshi za su zo: makarantar allo, zaure, maƙera, rini, saƙa, bin uba gona, bin uwa kasuwa. Ka rubuta su a allo da sunan wanda ya faɗa. Daga nan ka ɗora: to da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, me ya tarar, me ya kawo sabo? Sun shiga kwas ke nan, da ƙafarsu.

Idan ka yi tambaya, ka yi haƙuri ka jira. Mary Budd Rowe ta auna wannan a shekarun 1970, ta ga malamai daƙiƙa ɗaya kacal suke jira kafin su amsa da kansu ko su kira wani. Da aka ƙara jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu amsawa suka ƙaru. Ɗalibin da ke juya tambaya daga Turanci zuwa Hausa a ransa, ya nemo amsa, ya sake mayar da ita Turanci, ya fi kowa bukatar wannan jiran. Ka ƙirga biyar a zuci. Kuma amsar farko da ba daidai ba, yadda ka karɓe ta shi zai nuna ko wani zai sake ɗaga hannu a zangon nan. In aka yi wa mai amsa dariya, ka tsayar da ita nan take, cikin natsuwa, ka gode masa, ka ɗauko abin da ke daidai a maganarsa.

Sai bayan wannan nake zuwa kan ƙa'idoji, don yanzu suna saurare. Ka faɗi komai a fili: batutuwan da za a bi mako-mako, ranar gwaji, yadda aka raba maki. A wurare da yawa 40 ne na ayyukan cikin zango, 60 na jarrabawa, wasu kuma 30 da 70, ka faɗi na makarantarku. Ka tuna musu da ƙa'idar halartar kashi 75 cikin 100 kafin a zauna jarrabawa, ka gaya musu yadda za ka riƙa ɗaukar suna, da hukuncin wanda ya sa wa abokinsa hannu. Ka faɗi inda za a sami abin karantawa, kuma ka faɗa da bakinka cewa maki ba ya rataye da sayen komai daga hannunka. Akwai ɗalibin da wannan jimla kaɗai za ta sa ya yi barci a daren. Kan maganar waya da makara, nakan tambaye su me suke ganin ya dace. Dokar da suka sa baki a ciki sun fi kiyaye ta. Ka kuma faɗi naka alkawarin: za ka zo kan lokaci, in ba za ka zo ba za ka sanar, za ka dawo da takardun gwaji cikin mako biyu. Kada ka ɗauki wanda ba za ka cika ba.

In ajin bai da shugaba, a zaɓa a gabanka, namiji ɗaya mace ɗaya. Akwai abin da ɗaliba ba za ta kai wa shugaban aji namiji ba.

Minti biyar na ƙarshe, su juya bayan takardar nan su rubuta abu biyu: abin da suka ƙaru da shi yau, da abin da bai fito musu ba. Ka tsaya bakin ƙofa ka karɓa hannu da hannu. Ita ce kuma takardar halartar ranar.

Daren ranar da makonnin da ke biye

Ka karanta takardun a daren, ko da 200 ne. Ba ya ɗaukar fiye da awa ɗaya. Ka ware waɗanda ke bukatar canjin wuri, ka ware tambayoyi uku da suka fi maimaituwa, da su za ka buɗe lakca ta biyu: "Da yawanku sun tambayi kaza." A ƙaramin aji ka zana taswirar zama da sunaye, ka riƙa duba ta har ka haddace. A babban aji ka sa wa kanka sunaye 10 a mako, kuma rabinsu daga baya.

Sai masu zuwa a makare. A makarantunmu rajista takan ja har mako na uku ko na huɗu, don haka ajin da ka gani ranar farko wataƙila rabi ne. Waɗannan su ne ke gadon bencin ƙarshe. Ka ajiye ragowar wurare a tsakiya dominsu. Duk lakca, har mako na huɗu, ka tambaya, "Wa ya fara zuwa yau?" Ka ba shi 'yar takardarsa ya cike, ka haɗa shi da wani rukuni, ka sa ɗaya daga cikinsu ya ba shi abin da ya wuce. A mako na uku ka sake komawa bencin ƙarshe ana tsakiyar lakca, ka sa wani ɗalibi ya karanta abin da ke allo daga gaba, kai kuma ka zauna tare da na baya ka saurara. In ba ka ji ba, ka matso da su a ranar.